Kafin Ka Ce A Yi Mata Fomatin: Jagorar Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi Ko Ta Ƙi Buɗewa

A shagunan gyaran kwamfuta na cikin garin Sakkwato, maganar da ta fi saurin fita daga bakin mai gyara ita ce, "Sai dai a yi mata fomatin." Wani lokaci ma mai kwamfutar ne ke fara neman haka, don ya gaji da jira. Fomatin kuwa sharewa ce gaba ɗaya a sa sabuwar Windows. Idan ba a kwashe kayan da ke ciki ba, duk sun tafi: furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya kai babi na huɗu, lissafin shago na shekara guda, hotunan biki da na suna. Kamar mutum ne ya rushe ɗaki don makulli ya ɓace masa. Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci lafiyarsu lau. Wani maɓalli ne aka danna ba a sani ba, ko wuta ce aka ɗauke tana tsakiyar sabunta kanta.

Wannan jagora ta shafi Windows 10 da Windows 11. Ka bi ta daga abu mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma kafin komai ka lura da inda kwamfutar take tsayawa. Ba ta kawo wuta ko hoto ne sam? Tana nuna tambarin kamfani sai ta yi ta juyawa? Ko tana kaiwa har wurin sa kalmar sirri amma ta ƙi karɓa? Kowanne da hanyarsa.

Idan babu wuta ko babu hoto

Ka fara da caja. Ka sa ta a wani soket, ka duba ko ɗan fitilar da ke gefen kwamfutar ya kama. Idan janareto ko inbata kake amfani da su, ka gwada a wani gidan, don wutar da ba ta da ƙarfi na iya sa caja ta ƙi ja.

Daga nan sai ka sauke ragowar wutar da ke cikinta. Cire caja, cire batir idan irin mai fita ne, cire duk wani filashi ko linzami da ke jikinta, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30. Mayar da caja kaɗai ka kunna. Wannan ɗan aikin yakan tashi kwamfutar da aka riga aka fitar da rai da ita.

Idan fanka na juyawa amma fuskar baƙa ce ƙirin, danna Caps Lock ka kalli fitilarsa. Idan tana kamawa tana mutuwa yadda kake dannawa, kwamfutar na raye, matsalar ta hoto ce. Ƙara haske da maɓallan sama. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ɗan ƙara, wato Windows ta sake tayar da manhajar da ke sarrafa hoto. Idan shiru, haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. Hoto ya fito a talabijin? To fuskar ce ko wayar da ke bi ta cikin murfin, kayanka na nan daram. Haka kuma idan ka haska tocilan waya daf da fuskar ka ga hoto dishi-dishi, fitilar bayan gilashin ce ta mutu.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta taru a ciki tun Disamba. Idan aka buɗe bayan kwamfuta, za ka tarar ƙurar ta dunƙule ta toshe ƙarfen da iska ke fita ta cikinsa, har sai an sa tsinke an ɗago ta. Kwamfutar da ke tashi ta yi 'yan mintuna ta mutu da kanta, ƙasanta da zafi rau, wanke fanka take buƙata. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, nan ne ƙofofin iskarta suke.

Idan ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba

Saƙo irin "No bootable device" ko "Boot device not found" na nufin ba ta ga ma'ajiyar da Windows ke ciki ba. Cire duk filashi ka sake kunnawa. Idan bai yi ba, shiga BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfutar da ke zuwa kafin Windows, da zarar ka kunna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a Lenovo ThinkPad. Abu biyu za ka duba a can. Na farko, ko sunan ma'ajiyar ya fito. Na biyu, kwanan wata. Idan ka ga ta koma shekarun baya, ɗan batirin da ke riƙe saiti ya mutu. Sau da yawa CR2032 ne, mai faɗin kwabo, kuma ba shi da tsada. Idan ya mutu, saitin tashi kan rikice.

HP na da gwajin kanta idan ka danna F2 wurin tashi, Dell kuma ta F12 sai ka zaɓi Diagnostics. Idan gwajin ya ce ma'ajiyar ta faɗi, ko kana jin tana ƙas-ƙas a ciki, ka kashe ta nan take. Kowace kunnawa tana ƙara lalata abin da ya rage, kuma aikin da ke gabanka yanzu kwashe kaya ne.

Idan tana juyawa ba ta ƙarasawa

Wannan ya fi faruwa bayan wuta ta yanke tana tsakiyar sabuntawa. Idan rubutu na cewa kada a kashe, ka sa caja ka ba ta awa guda ko biyu tukuna, musamman idan tsohuwa ce. Idan ba ta motsa ba, sai a shiga wurin gyara na Windows.

Kunna ta. Da zarar tambarin Windows ko ɗigon da ke juyawa ya fito, danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Maimaita haka sau biyu, a karo na uku ka ƙyale ta. Za ta rubuta "Preparing Automatic Repair", daga nan shuɗin shafi ya fito. Zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma. Wanda kwamfutarsa ke kaiwa wurin kalmar sirri yana da gajeriyar hanya: ya riƙe Shift, ya danna alamar kashewa a ƙasa ta dama, ya zaɓi Restart.

A shawarata, kafin ka taɓa komai a nan ka fara tsirar da kayanka. Sa filashi, zaɓi Command Prompt, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni a ciki, rubuta notepad ka danna Enter. A cikin Notepad je File, sai Open, ka mayar da nau'in fayil zuwa All Files. Tagar da ta buɗe za ta bar ka ka shiga Users, sai sunanka, sai Documents ko Desktop. Danna dama a kan fayil, Copy, ka je filashi, Paste. Ba za ka ga alamar tafiyar aikin ba, don haka ka yi haƙuri har linzamin ya daina juyawa. Harafin ma'ajiyar ma yakan canja a nan, abin da ka sani da C yana iya zama D.

Bayan haka ka gwada Startup Repair. Idan bai yi ba, Uninstall Updates, ka fara da "latest quality update". Sai System Restore, wanda ke mayar da Windows yadda take a wata ranar baya, idan akwai ranar da aka ajiye. Ba ya taɓa takardunka, manhajojin da aka sa bayan ranar kawai yake cirewa. Na ƙarshe shi ne Startup Settings, sai Restart, ka danna 4 don shiga Safe Mode, wato Windows ta tashi da muhimman kayanta kaɗai, ko 5 idan kana son intanet. Idan ta tashi lafiya a Safe Mode, to wata manhaja ce da aka sa kwanan nan ke riƙe ta. Cire ta ka sake kunnawa.

Ana iya tare ka da shuɗin shafin BitLocker yana neman lamba mai alƙaluma 48. Wannan kulle ne na tsaro, kuma sababbin kwamfutoci da yawa suna kunna shi da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft. Ka buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a wayarka da asusun da aka saita kwamfutar da shi. Idan ta ofis ce ko ta makaranta, lambar na wurin masu kula da kwamfutocinsu. Idan babu wannan lamba, babu mai gyaran da zai iya fito maka da kayan ciki. Shi ya sa nake roƙon kowa ya duba ta tun kwamfutarsa na lafiya, ya rubuta a takarda ya adana.

Idan ta ƙi karɓar kalmar sirri

A nan ne aka fi yin asarar da ba ta kamata ba. Mutum ya tabbata bai manta ba, kuma gaskiyarsa, bai manta ba. Abin da yake dannawa ne ba shi ke shiga ba.

Rubuta kalmar, amma kafin ka danna Enter, danne ɗan idon da ke ƙarshen akwatin. Zai nuna maka ainihin abin da ya shiga. Idan ka rubuta Sakkwato ka ga Sa22wat6, Num Lock ne a kunne. A ƙananan kwamfutocin da ba su da sashen lambobi a gefe, yana mayar da J, K, L su zama 1, 2, 3, U, I, O su zama 4, 5, 6, M kuma ta zama 0. Riƙe Fn ka danna Num Lock, ta dawo daidai. Duba Caps Lock ma.

Sai tsarin kibod, wanda ya shafe mu a nan fiye da wasu wurare. Kwamfutocin da ke shigowa ta Illela daga Birnin Ƙonni da sauran garuruwan Nijar da yawansu tsarin Faransa ne da su, wanda ake kira AZERTY. A cikinsa A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, M na gefen L, lambobin sama kuma sai an riƙe Shift suke fitowa. Na hannu da ake kawowa daga Ingila su ma da nasu bambancin: Shift da 2 na ba da alamar zance, alhali a tsarin Amurka @ yake bayarwa. Idan kalmar sirrinka na da @ ko #, kuma wani ya canja tsari, ba za ta taɓa shiga ba. Duba ƙasa ta dama, idan ka ga ENG ko FRA, danna ka zaɓi tsarin da aka sa kalmar da shi.

Idan wasu maɓallan sun mutu saboda ƙura ko shayi ya zube, nan ne kayan sauƙaƙa amfani, waɗanda Windows ta tanada domin masu buƙata ta musamman, ke ceton mutum. A ƙasa ta dama akwai alamarsu, a Windows 11 siffar ɗan mutum ce, a Windows 10 da'ira ce mai kibiyoyi. Danna ta ka zaɓi On-Screen Keyboard, kibod zai fito a fuskar, ka rubuta da linzami. Kibod na USB ma zai yi.

PIN daban, kalmar sirri daban. Danna Sign-in options ka ga wanne take nema. Idan ka yi kuskuren PIN da yawa za ta ce ka rubuta A1B2C3 kafin ka sake gwadawa. Ba lalacewa ba ce, tabbatarwa take yi mutum ne ke dannawa. Idan da gaske ka manta, kuma asusun Microsoft ne, kunna hotsifot a wayarka, haɗa kwamfutar ta alamar intanet da ke wannan shafin, ka danna "I forgot my PIN", ko ka canja kalmar ta waya a account.live.com/password/reset. Lambar tabbatarwa za ta je layi ko imel ɗin da aka yi rajista da shi, don haka wanda ya yar da tsohon layinsa ya sabunta bayanansa tun da wuri. Idan asusun na cikin kwamfutar ne kawai, bayan kuskure za ka ga Reset password, sai ka amsa tambayoyin da ka zaɓa ranar saiti. Kwamfutar da ka saya ka tarar da asusun wani kamfani ko kulle a BIOS kuwa, mayar wa mai shago ita ce hanya.

Kayan sauƙaƙa amfani da suka kunna kansu

Wani dattijo ya taɓa kawo tasa hankali tashe. "Malam, wagga kwamfuta magana takai ita ɗai, kuma ban taɓa mata komi ba." Jikansa ne ya danna Windows da Ctrl da Enter, Narrator ya tashi, wato manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar. Waɗannan maɓallan uku ne dai ke kashe shi. Ka kuma sani, idan Narrator na kunne Caps Lock ya zama nasa, sai ka danna shi sau biyu da sauri kafin ya canja manyan baƙaƙe. Wannan kaɗai ya isa ya hana kalmar sirri shiga.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne Filter Keys. Yana kunnuwa idan aka danne Shift na dama daƙiƙa 8, abin da ke faruwa idan littafi ya hau kibod ko mutum ya tsaya tunani da yatsa a kai. An yi shi ne domin masu rawar hannu, don haka yana watsi da taɓawa mai sauri ko wadda aka maimaita. Kibod sai ya zama kamar ya mutu, ko ka rubuta Abba ya fito Aba. Mutane sun sayi sabon kibod a kan wannan. Kashe shi daga alamar nan ta ƙasa ta dama.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Shift sau biyar a jere na kunna Sticky Keys, wanda ke riƙe Shift ko Ctrl bayan ka sake su, domin mai aiki da hannu ɗaya. Idan komai ya yi girma yana bin linzami, Magnifier ne, Windows da Esc na rufe shi. Idan fuskar ta koma baƙa da rubutu mai kaifin launi, danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen. Idan launi ya ɓace ta koma fari da baƙi, gwada Windows da Ctrl da C. Idan lambobin gefe na motsa linzami maimakon rubuta PIN, Mouse Keys ne, Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock.

Don kada su sake tashi ba da niyya ba, bayan ka shiga danna Windows da U, je Keyboard, ka kashe gajeriyar hanyar kunna Sticky Keys da Filter Keys. Amma ka tambayi masu gidan tukuna. Akwai ɗalibai makafi da ma'aikata masu raunin gani ko na hannu da waɗannan kayan ne hanyarsu ta shiga kwamfuta, kuma mai gyaran da ya kashe komai don ya huta da ƙara ya kulle su a waje. Ina ganin wajibi ne duk mai kula da kwamfutocin makaranta ko cibiyar jarrabawa ya san wannan.

Ga mai dogaro da murya, matsalar takan zo ta ɗaya gefen: shafin shiga ya yi tsit. A fara duba ko an kashe sauti ko abin kunne na maƙale. Sannan a je saitin Narrator a kunna zaɓin da ke tayar da shi kafin shiga, "before sign-in". Mai amfani da NVDA, manhajar karatu ta kyauta da ƙungiyar NV Access ta Ostareliya ke fitarwa, ya je Preferences, Settings, General, ya kunna "Use NVDA during sign-in", ya kuma danna maɓallin da ke kwafe saitinsa zuwa shafin shiga don murya da saurinta su zama waɗanda ya saba da su. Wannan sai a NVDA da aka girka a kwamfutar, ta kan filashi ba ta yi. Idan ta yi shiru ana cikin aiki, Ctrl da Alt da N na sake tayar da ita.

Akwai wani abu da nake so kowa ya gwada bayan ya karɓo kwamfutarsa daga gyara. A shafin shiga, danna alamar sauƙaƙa amfani, sannan ka danna Shift sau biyar. Idan baƙar taga mai jiran umarni ta fito, an musanya fayil ɗin Windows don a tsallake kalmar sirri, kuma ba a mayar ba. An cire wa mai buƙata kayan aikinsa, sannan duk wanda ya ɗauki kwamfutar zai iya shiga. Ka shiga, ka nemi Command Prompt, danna dama ka zaɓi "Run as administrator", rubuta sfc /scannow, umarnin da ke dubawa ya gyara fayilolin Windows, ka bar shi ya gama. Sake gwadawa, sannan ka canja kalmar sirri.

Ta karɓa, amma baƙin shafi da linzami kawai

Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Nemi "Run new task", rubuta explorer.exe, danna Enter. Idan komai ya dawo, je sashen Startup a nan ka kashe manhajojin da ba ka buƙata su tashi tare da kwamfuta, sannan ka yi sfc /scannow.

Idan matsalar na zuwa tana tafiya, kashe Fast Startup. Tun Windows 8 ta 2012, Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya, yana ajiye wani sashe don ta tashi da sauri, kuma idan sashen ya gurɓace matsalar za ta yi ta dawowa. Restart ne ke fara komai daga tushe. Je Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", danna "Change settings that are currently unavailable", ka cire alamar "Turn on fast startup".

Idan duk an gwada

Har yanzu akwai mataki kafin fomatin. A shuɗin shafin gyara, Troubleshoot na da "Reset this PC". Zaɓi "Keep my files", zai sake girka Windows ya bar takardu da hotuna, amma manhajoji irin su Office sai an mayar. "Local reinstall" ba ya cin data, "Cloud download" kuwa na iya cin fiye da gigabait 4. Caja ta kasance a jiki, kuma ka yi shi lokacin da kake da tabbacin wuta ko sola ta cika.

Idan sai an kai wa mai gyara, ka ce masa ya kwashe Desktop, Documents, Downloads da Pictures a filashi ko wata ma'ajiya, ka buɗe wasu fayilolin a gabansa ka tabbatar suna buɗewa, sannan ya ci gaba. Ka tambaye shi wace Windows zai sa. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka idan kwamfutar na da TPM 2.0, wato ɗan sashen tsaro da ke cikinta, da sauran sharuɗɗan Windows 11, ita ya kamata ya sa. Idan mai kwamfutar na amfani da Narrator, NVDA ko Magnifier, a mayar masa da su, a sake kunna kwamfutar a gabansa ya shiga da kansa kafin ku bar shagon.